Amsa ga sabuwar shugabar ɗakin haihuwa: ta ina za a fara kare marasa lafiya?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce ba a daɗe da ɗora ki kan shugabancin ɗakin masu haihuwa ba, a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, sai aka yi wa wata mata tiyata da la'asar aka ciro ɗa. Ta farfaɗo har ta gaisa da danginta, amma kafin kiran sallar asuba rai ya yi halinsa. Hukumar asibiti ta ce a ba nas ɗin da ta kwana takardar tuhuma. Dangi sun ce kwana ya ƙare, sun ɗauki gawarsu sun tafi. Ke kuwa abin ya tsaya miki a rai, kina tambaya: ga ƙarancin ma'aikata, ga aljihun asibiti wayam, me za a yi kada a maimaita? Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari, ke kuma Ya yi riƙo da hannunki.

Shawarata, ki ajiye neman mai laifi tukuna, ki kuma ajiye rubuta wa ma'aikatar lafiya jerin na'urorin da kike buƙata. Kowannensu yana da lokacinsa. Fara da awannin da ke tsakanin fitowar mace daga ɗakin tiyata da wayewar gari, domin a nan muke rasa mutane. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, inda aka bi marasa lafiya sama da 11,000 da aka yi wa tiyata. Mutanen sun fi takwarorinsu na sauran duniya ƙuruciya, ayyukan da aka yi musu ma ba su kai na can nauyi ba, duk da haka haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu. Kashi 94 cikin 100 na mace-macen kuwa bayan ranar tiyatar suka auku. Matsala bayan tiyata ko'ina a duniya tana tasowa. Abin da ya bambanta mu shi ne idan ta taso ba a gani da wuri, wanda ya gani yakan ji nauyin faɗa, idan kuma an faɗa taimako ya makara.

Ɗauki fayil ɗin marigayiyar ki keɓe da shi. Wuce bayanin likita, je ki takardar awo. Ɗaya daga cikin abu biyu za ki tarar. Ko dai an rubuta awon ƙarfe 6 da na ƙarfe 8, daga nan takarda fara fat har wajen ƙarfe 3 lokacin da aka fara guje-guje. Ko kuma an cike layukan tsaf: awon jini 110 bisa 70, bugun zuciya 88, numfashi 20, haka tun daga sama har ƙasa, da biro ɗaya, da hannu ɗaya. Ta biyun ta fi tayar mini da hankali, don jikin ɗan Adam ba ya tsayawa a lamba ɗaya dare guda. Numfashi musamman: duk ɗakin da kika ga kowa numfashinsa 20 ne, ba a ƙirgawa. Alhali yana cikin alamomin da ke fara canzawa idan jiki ya soma rikicewa, kuma ƙirga shi ba ya buƙatar komai sai ido da agogo.

Matashiyar mace mai lafiya tana iya zubar da jini fiye da lita guda awon jininta bai faɗi ba, saboda jiki yana matse jijiyoyi yana riƙe lambar. Zuciya ce ke fara gudu. Sai mace ta kama neman ruwa, tana juye-juye, tafin hannunta ya yi sanyi, fitsarin da ke cikin jaka ya daina ƙaruwa. Jinin kuma ba lallai a gan shi ba: yana iya taruwa cikin mahaifar da ta saki, ko cikin ciki, ko ya jiƙa zanin da ke ƙarƙashinta bargo ya rufe. Kafin awon jini ya faɗi an yi nisa. Ga ƙa'ida mai sauƙi da kowace nas za ta riƙe: idan bugun zuciya a minti ya kai ko ya haura lambar sama ta awon jini, misali 110 ga mace mai 100 bisa 60, a ɗauka jini take zubarwa har sai an tabbatar da akasin haka.

Bayan takarda, zauna da nas ɗin da ta kwana, ku biyu kawai, ki nemi labarin daren. Mata nawa ke hannunta? Akwai wadda ke naƙuda a lokacin? Na'urar awon jini tana aiki ko batir ya mutu? Da wuta ko da fitilar waya aka kwana? Da ta ga abu, wa ta kira, da wayar wa, da katin wa? Likitan yana cikin asibiti ko yana gari? Makullin ɗakin gwaji yana hannun wa? Akwai jini a ajiye ko sai an taso dangi an gwada su? Ba kasafai kuskure ɗaya ke kashe mara lafiya ba. Ƙananan giɓi ne huɗu ko biyar, waɗanda kullum suna nan an saba da su, sai wani dare su haɗu a kan mutum ɗaya.

Shi ya sa ba na tsammanin alheri daga takardar tuhumar nan. Abin da ma'aikata ke koya daga irinta shi ne a cike takardar awo ko ba a yi awon ba, kuma a daina faɗin abin da ya kusa faruwa. Kin ga an toshe hanyar da za ki san gaskiya. Ba cewa nake yi babu hukunci ba. Wadda ta bar ɗaki ta tafi gida, ko ta kulle ƙofa ta yi barci, ko ta ƙaga lambobi bayan mutuwa don ta rufe kanta, ta yi ganganci, kuma ganganci a hukunta shi. Hanyar rarrabewa ita ce ki tambayi kanki: da an sa wasu nas uku masu irin iliminta a wannan daren, da wannan cunkoso, da waɗannan kayan aiki, da sun yi daban? Idan amsar a'a ce, ko kin kore ta wadda za ta maye gurbinta rami ɗaya za ta faɗa. Kuma ki kula da ita kanta. Wanda mara lafiya ya mutu a hannunsa yakan daɗe ba ya barci, wasu ma daga nan suke barin aikin.

Akwai tsarin bitar mutuwar masu juna biyu da jarirai da Najeriya ta ɗauka, wanda ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna, ba a ɗora laifi. A wurare da yawa zaman ya koma kotu, babba yana faɗa ƙananan suna sunkuye. Idan za ki yi naki, yi shi cikin makon, tun ba a manta ba. Gayyato mai gwajin jini, mai ba da magani, direban motar asibiti, har mai shara, don sau tari ita ce ta ga zannuwan da aka kwashe. A tashi da abu biyu kacal da za a gyara, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa, kuma zama na gaba da su za a buɗe.

Gyara na farko da zan so ki yi ba ya cin kuɗi. Gadaje biyu ko uku mafi kusa da teburin nas a keɓe su ga waɗanda suka fito daga tiyata, da masu jijjiga, da waɗanda suka zubar da jini. A yi musu awo kowane minti 15 a awanni biyun farko, sannan a riƙa tsawaitawa idan komai daidai. A shafa mahaifa a ji ta yi tauri, a ɗaga bargo a duba ƙasa. A takardar awo a ja jan layi: bugun zuciya sama da 120, lambar sama ta awon jini ƙasa da 90 ko sama da 160, numfashi sama da 30 ko ƙasa da 10, fitsari ƙasa da mililita 30 a awa, ko mace ta rikice tana sambatu. Ku zauna da likitocinku ku amince da lambobin, kowa ya sa hannu. Duk awon da ya tsallaka jan layi, kira ya wajaba, ba sai nas ta tsaya tunanin ko abin ya isa a tashi likita ba.

Sai dai kada in ruɗe ki. Masu binciken nan na 2018 sun sake wani gwaji a asibitocin Afirka sama da 300, aka fitar da sakamakon a 2021: an ware masu haɗari, an matso da su kusa da nas, an ƙara yawan awo, amma mutuwa ba ta ragu ba. Asibitoci da yawa sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so, kuma gani kaɗai ba ya ceto idan babu mai zuwa. Don haka rabin aikin na biyu shi ne kiran. A rubuta a bango wa ake kira da farko, cikin minti nawa zai iso, idan bai zo ba wa ake kira, har zuwa shugaban asibiti. Shugaban ya sa hannu, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa nas ɗin da ta tsallake likita ta kira na sama ba ta yi rashin kunya ba. Ɗakin ya mallaki wayarsa da kati a ciki. Na sha ganin an rasa rabin awa saboda ana neman wanda zai ara waya.

Yadda ake kiran ma abin koyo ne. Likitan da aka tasa daga barci aka ce masa, “Likita, matar nan ba ta jin daɗi,” zai ce a ƙara mata ruwa ya juya. Gwada wannan: “Likita, daga ɗakin haihuwa ne. Matar gado na 4 ce, wadda aka yi wa tiyata ƙarfe 4. Bugun zuciyarta ya tashi daga 92 zuwa 124 cikin awa guda, awon jini 95 bisa 60, hannunta ya yi sanyi, fitsari bai ƙaru ba tun ƙarfe 10. Ina zaton jini take zubarwa a ciki. Na sa ruwa na biyu, na aika a haɗa jini. Ka zo yanzu.” Wace ce, me ya canza, me kike zato, me kike so. Babu likitan kirki da zai ji wannan ya koma barci. Ki sa ƙananan nas su riƙa maimaita shi a lokacin miƙa aiki har bakinsu ya saba. Miƙa aikin kuma a yi shi a bakin gado, ana ganin mara lafiya, a bar karanta littafi a tebur.

Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, ba na so mu rasa ta, amma a asibiti tana da farashi. Yarinyar da ta fito makaranta bara ta ga babban likita zai sa hannu a ciwo bai wanke ba, sai ta sadda kai. Ba mu kaɗai ba ne. A jihar Mishigan ta Amurka, ɗakunan kulawa ta musamman 103 sun ɗauki matakai biyar na sanya robar da ake zurawa babbar jijiya, abubuwan da kowane likita ya riga ya sani, irin su wanke hannu da goge fata. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cutar da ke shiga jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Sabon abin da aka kawo shi ne an ba nas ikon tsayar da likita idan ya tsallake mataki, hukuma kuma ta tsaya mata. Wannan izini daga sama yake saukowa. Ki nemi likitan da ya fi kowa sauƙin kai a cikin manyanku, ki roƙe shi ya riƙa cewa a zagayen safe, “Duk wadda ta ga na yi ba daidai ba ta tsayar da ni,” kuma ranar da aka tsayar da shi ya yi godiya a fili. Sauran za su bi ko don kunya.

Yanzu ga ma'aikatan da kike da su ba ki lissafa ba: masu jinya. Nas ɗaya ba za ta iya kallon mata 30 ba, amma kusan kowace mace da uwarta ko yayarta ko kishiyarta a kan tabarma kusa da gado, ido biyu. Su ke ba da abinci, su ke sayo magani, su ke wanke zani. Mu kuwa abin da muka iya shi ne mu kore su waje idan za a yi zagaye, mu daka musu tsawa idan sun ƙwanƙwasa da dare. A Ingila wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a 2021 bayan iyayenta sun yi ta nuna damuwa ba a saurare su ba. Daga 2024 asibitocin gwamnati a can suka fara aiki da ƙa'idar da aka sa wa sunanta, wadda ta ba dangi damar kiran wata tawaga daban ta duba mara lafiya cikin gaggawa. Ƙasar da ke da ma'aikata da na'urori ke nan ta ga tana buƙatar idon dangi, balle mu.

Minti biyu sun isa. Idan an kawo mace daga tiyata, nas ta kira mai jinya ta ce: “Baba, ke ce idonmu yau. Idan kin ga jini ya jiƙa zani, ko ya fito guda-guda, ko tana haki, ko jikinta ya yi sanyi, ko tana maganar da ba kya ganewa, ko barci ya yi nauyi ba ta tashi, ki zo ki same ni. Ko ina barci ki tashe ni, ba zan yi faɗa ba. Zanin da kika canza kada ki wanke sai na gani.” Jumlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin matanmu da tsabta da kunya, sukan wanke zani uku a ɓoye kafin a sani. Sharaɗin shi ne a cika alkawari. Mai jinya ɗaya da aka hantara a gaban jama'a, duk ɗakin ya yi shiru har a sallame su.

Su ma sukan jawo matsala, kin sani. Wata ta ƙara gudun ruwa don ya ƙare da wuri, wata ta ba da kunu ga wadda aka hana ci kafin tiyata, wata ta zo da jiƙo a gora. Idan kika tambaya da faɗa za a ce ba a ba ta komai ba. Tambaya da sakin fuska: “Me aka samu aka ba ta a gida, don mu san maganin da zai dace?” Rubutu ma ban ga amfanin jayayya a kansa ba. A bayyana cewa duk abin da ya shiga ciki dab da sa barci yana iya dawowa ya shiga huhu, a shafa mata yanzu, ta sha daga baya.

Tunda ɗakin haihuwa kike riƙe, dole ki san aikin da aka yi da hannun 'yar gida, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya na gwajin E-MOTIVE. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000 da suka haihu da kansu, aka wallafa a 2023. Abu biyu aka canza. An shimfiɗa wata leda mai jaka da ma'auni a ƙarƙashin mace bayan haihuwa, jini ya riƙa taruwa ana ganin lambar, maimakon kintace da ido wanda sau tari ragewa yake yi. Sannan da zarar an kai mililita 500, ana yin komai a tare: murza mahaifa, oksitosin (allurar da ke sa mahaifa ta matse), tiranekzamik asid (maganin tsayar da jini), ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. A da sai a gwada ɗaya a jira, a gwada wani a jira. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko buɗe ciki ko mutuwa, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Idan ba ku da ledar, nemi ta ta hannun ma'aikatar lafiya ta jiha. Kafin ta zo, haɗa akwati ɗaya na zubar jini da ɗaya na jijjiga, da komai a ciki, a duba su kowace safiya, a yi amfani da su ba tare da jiran dangi su je kemis ba. A biya daga baya.

Ki leƙa inda ake ajiye oksitosin ɗinku. Magani ne da zafi ke kashewa, firiji yake so tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan samfuran da aka tattara a Najeriya ya tarar kusan uku cikin huɗu ba su kai ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ba. Kwalbar da ta kwana a aljihun riga ko a kan kantar kemis a watan Afrilu, kada ki dogara da ita. Idan an yi allura mahaifa ba ta amsa ba, a canza kwalba ko a koma wani magani, a bar ɓata lokaci. Tiranekzamik kuma cikin awa 3 da haihuwa yake da amfani, amma kada ya zauna a tire ɗaya da allurar baya ta kashe zafi. Kwalabensu sukan yi kama, an sha yin kuskuren zuba shi a gadon baya mata suka mutu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai a 2022. Magnisiyam salfet na masu jijjiga, kada a maimaita shi sai an ƙirga numfashi, an gwada motsin gwiwa, an duba fitsari, kuma makarinsa, kalsiyam gulukonet, yana kusa.

Wata matsalar tamu ce ta musamman: suna. A ɗaki ɗaya za ki iya samun A'isha Muhammad uku da Hauwa'u Musa biyu, yawancinsu ba su san ranar haihuwarsu ba. Ga masu zuwa da katin 'yar'uwa don gudun kuɗin buɗe sabo, fayil ya ce rukunin jininta kaza, alhali na wata ce. Lambar gado kuwa ba suna ba ce, mata sukan yi musayar gado saboda fanka. Kada a tambayi mace, “Ke ce A'isha?” Mai jin jiki da kunya za ta gyaɗa kai kawai. A ce, “Faɗa mini sunanki, da na mijinki, da garinku,” a gwama da lambar kati. Idan babu abin ɗaurawa a hannu, filasta da biro sun wadatar, a ɗaura wa uwa da jariri lamba ɗaya. Ƙarin jini kuwa mutum biyu su karanta jaka a bakin gado da ƙarfi, ɗaya ta zauna minti 15 na farko, don a nan mummunan rikici ya fi bayyana.

Wanke hannu kowa ya san shi, har an gaji da ji. A ɗakin haihuwa aka fara gano shi ma: a Biyena ta ƙasar Ostiriya, 1847, wani likita mai suna Semmelweis ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 zuwa kusan 2 cikin 'yan watanni. Abin da zan ƙara shi ne wa'azi ba ya wanke hannu, kusanci ke sa a wanke. Idan famfo yana ƙarshen baranda ba ruwa, ba za a je ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da hanyar haɗa ruwan goge hannu da mai haɗa magungunan asibitinku zai iya yi a cikin gida, a rataya kwalba a kowane gado. A wani babban asibitin Bamako da aka haɗa shi a cikin gida aka raba wa ma'aikata, bin ƙa'ida ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22. Dubi daga inda suka taso, ki daina ɗauka naku ɗakin ya fi haka sai kin tsaya kin ƙirga. Babban abin da zan so ki yaƙa shi ne safar hannu ɗaya daga gado zuwa gado: mai ita ta kare kanta, ta raba wa kowa. Kuma a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani, mai ciki da ta zo da zazzaɓin da ya ƙi jin magani tana zubar da jini, a yi zarginsa kafin a taɓa ta hannu sake.

Ɗakin tiyata ba naki ba ne, amma matanki ke shiga. Takardar tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta rage mutuwa daga kashi 1.5 zuwa 0.8 a asibitoci takwas da aka fara gwada ta, ɗaya a Ifakara ta Tanzaniya. Da aka wajabta ta a lardin Ontariyo na Kanada, ba a ga wani canji na a zo a gani ba. Takardar da ake cikewa bayan an gama aiki ado ce. Abin da za ki iya nacewa a kai shi ne a ƙirga audugar tiyata da kayan aiki da murya kafin a rufe ciki, kuma kada a ajiye miki mace a gado a juya sai an gaya miki jinin da ta zubar, wahalar da aka sha, da abin da ake tsoro a daren.

Sai maganar ƙaddara, wadda na san tana cikin abin da ke damunki. Dangi sun faɗi gaskiya, babu mai wuce ranarsa, kuma haƙurinsu ibada ce. Amma haƙurin nasu ne, bai zama lasisinmu ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Saboda mutanenmu ba sa kai ƙara, babu mai matsa mana daga waje, sai mu matsa wa kanmu. Ni ina ganin ya kamata a je wa dangin ta'aziyya, babba ya jagoranta, a gaya musu abin da aka gano ba tare da ƙawa ba, da abin da aka canza. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya tanadi haƙƙin samun bayani da na kai koke. Hukumarku za ta ji tsoro, ki fara da shawo kanta, kada ki tafi ke kaɗai. A iya abin da na gani, ɓoye-ɓoye ya fi fusata dangi a kan gaskiya mai ɗaci.

Ƙarancin ma'aikata, wuta, ma'ajiyar jini, waɗannan sun fi ƙarfinki, kuma kada wani ya sa ki ji kamar jan layi a takarda zai maye gurbin nas ta biyu a aikin dare. Abin da ke hannunki shi ne hujja. Buɗe littafi ki riƙa rubuta abu uku kowace safiya: mata nawa nas ɗaya ta kwana da su, cikin waɗanda aka yi wa tiyata nawa aka yi wa cikakken awo, da minti nawa tsakanin kira da isowar likita. Bayan wata uku ki shiga ofishin shugaba da shi. Ki ajiye wani littafin, ba suna, inda kowa zai rubuta abin da ya kusa faruwa: jinin da aka kusa ɗaura wa wata, kwalbar da aka ɗauka ba daidai ba aka ankara. Amma tun kafin ki buɗe shi ki gaya wa hukuma cewa a watannin farko rahotanni za su yi yawa, domin abin da ake ɓoyewa ne zai fara fitowa. Idan ba ki riga su ba, za su ga lambobin su ce ɗaki ya lalace a hannunki, takardar tuhuma ta gaba kuma da sunanki za ta zo.